Sunkuyar da Kai Ba Shaida Ba Ce

Sana'ata magana ce ba tare da ido ba. Shekara takwas ke nan ina zama gaban makirufo ina hira da mutanen da ba na gani, su ma ba sa ganina. Wataƙila shi ya sa idan na fito daga aiki nake yawan kallon fuskokin jama'a, har na ɗauka na iya karatun ido. Wata Asabar a kasuwar Mokolo da ke nan Yawunde na gane iyakar wannan karatu nawa.

Na je sayen takalman makaranta, sai hayaniya ta tashi a layin masu atamfa. Wata 'yar kasuwa ta cafke rigar wani yaro ɗan kimanin shekara goma sha biyar, tana cewa ya ɗauke mata waya. Na san fuskarsa, yaron wani tela ne a unguwarmu ta Briqueterie, an aiko shi sayen zare. Da Faransanci take daka masa tsawa: "Dube ni cikin ido ka ce ba kai ba ne!" Yaron ya ce ba shi ba ne, amma kansa na ƙasa. Ta maimaita, ya ƙara sunkuyarwa. Nan take taron ya yanke hukunci, har wani ya fara naɗe hannun riga. Ba zan ɓoye maka ba, mai karatu, ni ma zuciyata ta karkata. A makarantar koyon aikin jarida an sha gaya mana mu lura da idon wanda muke yi wa tambaya.

Wani dattijo mai sayar da carbi ne ya kutsa cikin taron. Ya ce, "Madam, kira lambar tukuna." Aka kira. Wayar ta yi ƙara daga ƙarƙashin turamen atamfarta. Taro ya watse, babu wanda ya ba yaron haƙuri. Na ce wa dattijon, "Baba, yaya aka yi ka gane?" Ya ce, "Ɗana, ban gane komai ba. Na dai san yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya tsare sa'ar uwarsa da ido."

Abin da ya fi damuna shi ne, kiran lamba ba wata dabara ba ce mai wuya. Mun fi mutum ashirin, kusan kowa da waya a aljihu, amma babu wanda ya tuna, saboda a ganinmu ido ya riga ya ba da shaida.

Ba wai ido ba ya magana ba ne. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma harshenmu cike yake da aikin ido: harara, ƙifta ido, zare ido, kau da ido, kallon hadarin kaji. Uwa takan tsayar da ɗanta a gaban baƙi da kallo ɗaya tak. A 1862 likitan Faransa Duchenne ya nuna cewa murmushin gaske yana motsa naman da ke kewaye da ido, na yaƙe kuwa a leɓe yake tsayawa. Mu ma mun gani a 2020, lokacin da korona ta sa aka rufe baki da hanci da takunkumi: da ido muka riƙa gane mai fara'a da mai damuwa.

To, ina kuskuren yake? Ido yana gaya maka abin da mutum yake ji, amma ba ya gaya maka dalili. Sau ɗaya yaron nan ya ɗago, na ga idonsa ya cika da ƙwalla, farin ya fito sosai. Tsoro ne, babu shakka. Sai dai tsoron ɓarawon da aka kama da tsoron marar laifin da taro ya kewaye kamarsu ɗaya. Masanin halayyar ɗan Adam Paul Ekman ya yi gargaɗi kan wannan tun 1985. A 2006 kuma Bond da DePaulo suka tattara bincike sama da 200, suka gano cewa mutane suna dacewa wajen rarrabe gaskiya da ƙarya kusan kashi 54 cikin 100 ne kawai. Da kaɗan ya fi jefa kwabo sama.

Sai kuma batun al'ada. A gidajen Briqueterie yaron da ya kafe babba da ido sunansa mai tsaurin ido, marar kunya. Taku kaɗan daga nan, a aji ko ofis ko wajen binciken takardu, wanda ya kau da ido shi ne abin zargi. Yaranmu suna rayuwa tsakanin waɗannan ƙa'idoji biyu, ladabin gida ya zama laifi a waje. Wanda ya ƙware a ƙarya kuwa ya san abin da ake nema, zai dube ka ido cikin ido ko ƙiftawa babu.

Saboda haka nake ganin haƙƙin ido a kanmu shi ne tambaya, ba hukunci ba. Idan ka ga tsoro a idon mutum, ka tambayi abin da ya tsorata shi, watakila ma kai ne. Idan ka ga ya sunkuya, ka tuna gidan da ya fito.

Bayan kwana biyu na wuce ta shagon telan. Yaron yana zaune yana ɗinka maɓalli. Na yi masa sallama, ya amsa, "Sannu da zuwa, Kawu," kansa a ƙasa kamar yadda aka koya masa. A wannan karon ni ne na kasa dubansa.