Laifin Manomi Ko Na Maƙeri?

Watannin baya gwaggona ta so ta aika wa wani mai hatsi jaka biyar ta wayar salula. Ta danna biyar, ta bi ta da sifiri, sai yatsa ya ƙara ɗaya a kan ukun da ake buƙata. Wayar ta nuna mata 50000, babu tazara tsakanin lambobin, ta kuma tambaye ta da Faransanci ko ta amince. Ta amince. Jaka hamsin suka tafi, kusan duk abin da ta tara. Sai da aka kwana uku ana roƙo kafin kuɗin su dawo. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar da ta yi bayan komai ya lafa: "Ɗan nan, kaina ne ba ya ja. Mu da ba mu yi boko ba, ina mu ina waɗannan abubuwa?"

Na ce, "Gwaggo, ke da kike lissafin adashin mata ashirin da ka, ba ki taɓa ɓatar da dala ɗaya ba?" Ta yi dariya kawai. Tun ranar nake juya tambayar: in mutum ya yi kuskure da na'ura, wa ya kamata ya ji kunya, shi ko wanda ya ƙera ta?

Akwai fannin ilimi guda da ya taso daga wannan tambaya, wato nazarin mu'amalar ɗan Adam da kwamfuta, kuma tushensa ya girmi kwamfutar da muka sani. A lokacin yaƙin duniya na biyu, matuƙan jirgin yaƙin Amurka samfurin B-17 sun riƙa naɗe ƙafafun jirgi bayan sun sauka, jirgin ya kwanta da cikinsa a ƙasa. Rahotanni suka riƙa cewa kuskuren matuƙi ne. A 1943 wani matashin jami'i masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya duba ɗakin tuƙin, ya ga maɓallin ƙafafu da na faifan fiffike mai rage gudu kamarsu ɗaya, kuma suna dab da juna. Ya sa aka liƙa wa na ƙafafu wata 'yar taya ta roba, ɗayan kuma aka ba shi siffar faifan fiffike, yadda hannu zai bambance su ko ido bai duba ba. Matsalar ta kau, alhali matuƙan su ne dai na jiya, ba a sauya ko ɗaya ba.

Haka aka sake gani ranar 28 ga Maris 1979 a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Pennsylvania. Wata ƙofar rage matsi ta maƙale a buɗe, ruwan sanyaya tukunyar yana ta zurarewa. Fitilar da ke gaban ma'aikata ta sa suka ɗauka ƙofar a rufe take, domin abin da take nunawa shi ne an aika umarnin rufewa, ba ta san ko ƙofar ta bi umarnin ba. Sama da awa biyu ƙwararrun mutane suna aiki da labarin da ba daidai ba. Don Norman, wanda ya yi nazarin hatsarin, ya fitar da littafi a 1988 kan ƙirar kayan yau da kullum, inda ya nuna cewa mutane kan ɗora wa kansu laifin da na ƙira ne, ko da a kan ƙofar da ba a gane turawa ake ko ja.

Mu ma mun san wannan a gona. In manomi ɗaya ya yi kanta a hannu, sai a ce bai saba ba. In duk wanda ya riƙe fartanyar nan ya yi kanta a wuri guda, ƙotar za a duba, a koma wa wanda ya sassaƙa ta. Aikin masu gwajin sauƙin amfani ke nan. Sukan zaunar da mutum, su ba shi aiki, su yi shiru suna kallon inda zai tuntuɓe, kuma al'adarsu ce su fara gaya masa cewa na'urar ake jarrabawa, shi ba ya cikin jarrabawa. Ma'aunin ISO 9241-11 na 1998 ya tsayar da abubuwa uku: shin mutum ya cim ma abin da ya nufa, da wace wahala, kuma ya gamsu? Jakob Nielsen ya yi fice da cewa gwaji da mutum biyar kan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin ƙira. Ana gardama kan adadin, sai dai darasin a fili yake: gano inda mutane ke faɗuwa ba shi da tsada. Wanda bai gano ba, galibi bai nema ba ne.

To, su wane ne mutum biyar ɗin? A 2021 wasu masu bincike suka duba takardun da ake gabatarwa a CHI, babban taron wannan fanni, suka tarar kashi 73 cikin ɗari na sakamakon daga mutanen ƙasashen Yamma aka samo shi, waɗanda ba su kai kashi 12 cikin ɗari na mutanen duniya ba. Gwaggona ba ta cikin su. Ita da dala take ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa biyar, jaka ɗaya dala ɗari biyu. Abin da allo ya rubuta 500, a bakinta dala ɗari ne. Kowace aikawa sai ta fassara harshe, ta fassara lissafi, sannan ta ƙirga sifirai a ɗan ƙaramin gilashi. Nauyi uku aka ɗora mata wanda ba a ɗora wa ma'aikacin banki ba, sannan in ta zame a ce jahilci ne. Kuma akwai mafita: a Bangalore ta Indiya, Indrani Medhi da abokan aikinta sun gwada aika kuɗi ta hoto da murya tare da mutanen da ba su iya karatu ba, aka ga sun fi kammala aikin nesa ba kusa ba a kan tsarin rubutu zalla.

Wani zai ce, in muka ɗora komai kan maƙeri, mun mai da mutum jariri ke nan. Wayar ai ta tambaye ta, ita ta danna amincewa. Wannan magana tana da nauyi, kuma ban yarda a raina ƙwaƙwalwar mutanenmu da sunan tausayi ba. A 2009 da 2010, a ƙauyukan Dosso da Damagaram, Jenny Aker da abokan bincikenta sun sa koyon wayar salula cikin azuzuwan yaƙi da jahilci, kuma waɗanda suka koya da waya sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Mutum yana koyo, kuma wajibinsa ne ya nutsu in zai taɓa dukiya. Sai dai amincewar da aka nema cikin harshen da mutum ba ya ji, amincewa ce ta suna. Ko a cinikin kasuwa, in dillali ya faɗi farashi da yaren da mai saye bai sani ba, ya gyaɗa kai, babu dattijon da zai ce ciniki ya faɗa.

A ganina alhaki yana bin sani da iko. Gwaggo ta yi kuskure sau ɗaya, a kan kuɗinta. Mai tsarin yana da damar ganin kuskuren nan a hannun dubban mutane, yana kuma da ikon raba lambobi uku-uku, ko ya sa wayar ta furta "jaka hamsin" da Hausa kafin kuɗi su fita. Kuskure na farko na mai dannawa ne. In ya maimaitu a wuri guda, aka sani, aka bari, ya koma wuyan mai ƙira.

Akwai ma abin da ya fi sakaci muni. Ilimin da ke gano inda ido ke zamewa, shi ne dai ake amfani da shi a haƙa rami a daidai wurin. A 2010 Harry Brignull ya raɗa wa irin wannan ƙira suna, ma'anarsa baƙar dabara: shiga da dannawa ɗaya, fita sai an sha wuya, ko maɓallin "na yarda" ƙato, na "a'a" ɗan mitsitsi. Wanda ya taɓa ganin kuɗin wayarsa na raguwa saboda wata hidimar da bai san ya shiga ba ya san abin da nake nufi. Wannan tauye mudu ne, ko da ba a ga mudun ba.

Hasarar kuma ba ta tsaya ga kuɗi ba. Tun daga ranar, gwaggo ba ta sake aikawa da kanta ba. Takan miƙa wayar ga yaron maƙwabta, ta faɗa masa lambar sirrinta da ƙarfi a tsakar gida. Matar da ta shekara talatin babu wanda ya san abin da ke cikin asusunta, yanzu yaro ɗan shekara goma sha biyu ya sani. 'Ya'yanmu da ke koyon rubuta manhaja a Yamai, Kano, Kumasi ko Garwa, ga roƙona: kafin ku saki abin da kuka ƙera, ku kai wa tsohuwa biyar a unguwarku, ku zauna ku yi shiru, ku ga inda yatsansu zai tsaya.