Daga Yahaya Zuwa Juan: Sunayen Sifaniyawa da Tushensu

A kwana na takwas bayan haihuwar ɗan Alisabatu, dangi da maƙwabta suka taru domin kaciya, suna nufin su raɗa wa yaron sunan mahaifinsa Zakariya. Uwar ta ƙi, uban kuma, da yake bebe ne a lokacin, ya nemi allo ya rubuta Yahaya. Luka ya ba da labarin a sura ta fari. Sunan a Ibrananci Yohanan ne, ma'anarsa kuwa Ubangiji ya yi alheri. Ya shiga Helenanci, ya ratsa Latin, Turawan Ingila suka mai da shi John, mutanen Sifaniya kuma Juan. Harafin j a bakinsu yana fita kamar h, saboda haka Huwan ake ji.

Ƙwallon ƙafa da wasannin talabijin na Meziko sun shigo da irin waɗannan sunaye cikin gidajen masu bi, har wasu iyaye sukan kai su gaban fasto ranar suna ba tare da sanin abin da suke ɗauke da shi ba. Wasu dattawan ikkilisiya kuwa sukan ƙi su gaba ɗaya, a ganinsu na arna ne. Duka ɓangarorin biyu sun yi garaje, gama yawancin sunayen daga Littafi Mai Tsarki suka fito. José shi ne Joseph, wato Yusufu, sunan da Rahila ta ba ɗanta tana roƙon Allah ya ƙara mata wani. Pedro shi ne Peter, Bitrus, dutse. Pablo shi ne Paul, Bulus, daga kalmar Latin mai nufin ƙarami. Isabel ita ce Elizabeth, Manuel kuma Immanuwel ne aka gajarta. Dalilin yawansu sananne ne: Majalisar Trent ta umarci majami'un Katolika a 1563 su riƙa ajiye littafin baftisma, koyarwar da ta biyo baya a 1566 kuma ta ƙarfafa a ba yaro sunan wani tsarkaka.

Sunan Yakubu ne ya fi yin doguwar tafiya. A Latin an rubuta shi Iacobus, daga baya bakin jama'a ya juya shi Iacomus, wanda ya haifi James a Ingila da Jaime a Sifaniya. Ta wata hanyar kuma ya zama Iago, aka liƙa masa kalmar sant, wato tsarkaka, sai Santiago ya fito. Wanda ya buɗe juyin Littafi Mai Tsarki na Casiodoro de Reina na 1569, wanda Cipriano de Valera ya gyara a 1602, zai iske Wasiƙar Yakubu a ƙarƙashin wannan suna. Babban birnin Chile, da aka kafa a 1541, shi ma Santiago ne. Al'adar Sifaniyawa ta ce ƙasusuwan Yakubu ɗan Zabadi suna kwance a Compostela, dubban mutane kuma suna takawa can da ƙafa kowace shekara. Nassi bai faɗi haka ba. Abin da Ayyukan Manzanni sura 12 ta tabbatar shi ne, Hirudus ya sa aka kashe shi da takobi, shi ne kuma na fari cikin manzanni da ya ba da ransa. Uban da ya kira ɗansa Santiago, wannan gādon ya ɗora masa, ko ya sani ko bai sani ba.

A sunayen mata ne ake bukatar lura, domin da yawa laƙabin Maryamu ne bisa ga ibadar Katolika. Dolores na nufin baƙin ciki iri iri, yana tuna da faɗin Saminu a Haikali cewa takobi zai soki ran uwar Yesu. Ana gajarta shi Lola, wanda ba shi da dangantaka da Lola ta Yarabawa. Mercedes jinƙai ne, 'yar'uwar Mercy ke nan. Motar nan da ake kira Marsandi ma daga sunan 'yar wani ɗan kasuwa, Emil Jellinek, ta samo nata a farkon ƙarni na 20. Iyalin da ikkilisiyarsu ba ta roƙo ta wurin Maryamu ya kamata su san wannan asali kafin su zaɓa. Fernando da Rodrigo, wato Ferdinand da Roderick, daga wata hanya dabam suka zo, gama kabilun Jamusawa da suka mulki ƙasar kafin zuwan Larabawa a 711 ne suka bar su.

Abin da ya fi ba Kiristan Nijeriya mamaki shi ne ya ga ɗan ƙwallo ko direba ana kiransa Jesús. Turawan Ingila sun kauce wa sa wa yaro wannan suna saboda girmamawa, Sifaniyawa kuma suna sa shi saboda girmamawar nan ɗaya. A zamanin manzanni suna ne gama-gari, gama Yesu da Joshuwa kalma guda ce a Ibrananci, ma'anarta Ubangiji ne mai ceto, dalilin da mala'ika ya ba Yusufu ke nan a Matiyu sura ta fari. Kowane gida da ke da Joshuwa yana kiran sunan safe da yamma. Bulus ma, a ƙarshen wasiƙarsa zuwa ga Kolosiyawa, ya isar da gaisuwar wani abokin aikinsa Bayahude mai suna Yesu, wanda 'yan'uwa suke kira Yustus.