Damina Talatin a Cikin Kwamfuta

Yanzu ana iya shuka masara ba tare da an taɓa ƙasa ba. Masu bincike a cibiyar noman tsandauri ta Jami'ar Bayero, tare da takwarorinsu na IITA, sun yi aiki da wata manhaja mai suna DSSAT. Ana zuba mata bayanin ƙasa, da irin da za a shuka, da lissafin ruwan sama da zafin rana na shekarun baya, ita kuma ta kwaikwayi girman tsiro kullum, tun daga fitowa har girbi. A sauya ranar shuka, a ƙara taki ko a rage, a sake juyawa. Kafin la'asar an yi damina talatin.

Amfanin wannan a fili yake, domin gwaji ɗaya a gona shekara guda yake ci. Amma a ce shawarar da aka fitar ta dace da damina ashirin da bakwai, ta saɓa wa uku. Wa zai ɗauki ukun nan?

A wurin manhaja, shekarar fari lamba ce da ke ɗan rage jimilla. A wurin mai gona kuwa, shekara irin 1973 tana nufin a sayar da akuya, a bi da jaki, daga ƙarshe a jinginar da gonar. Wanda gonarsa ta kuɓuce a shekara ta huɗu ba ya nan a ta biyar, balle ya ci ribar da lissafi ya yi masa alkawari. Abin da David Norman ya gano ke nan a ƙauyukan Zariya lokacin da yake Samaru, daga ƙarshen shekarun 1960: haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda malaman gona suke ɗauka rashin wayewa ne, dabara ce ta mutumin da ba shi da halin faɗuwa ko sau ɗaya.

Akwai kuma abin da ba a tambayi manhajar ba sam. Tun kafin zuwan takin zamani, cikin ganuwar Kano ke ciyar da gonakin da ke kewaye da ita. A da, da rani ake loda toka da kashin awaki da tumaki a mangala, jakuna su fita da su ta ƙofofin birni, su dawo da kara da itace da harawa. Michael Mortimore ya yi rubutu a kan wannan zagaye. Harawar nan ita ke ƙiba ragon da wata dattijuwa ke turke da shi a Yakasai ko Dala, ragon kuma shi ne asusunta. In aka ce wa kwamfuta ta ƙirga ƙwayar wake kaɗai, za ta zaɓi irin da ba ya yin ganye, kuma ba ta yi ƙarya ba. Wani ne dai ya yanke cewa ragon baba ba ya cikin lissafi. (Adalci ne a faɗi cewa masu binciken wake na IITA a Kano sun fahimci haka, har suka fitar da irin da ke ba da ƙwaya da harawa tare.)

Saboda haka ban yarda a ce "na'ura ce ta faɗa" ba. Manhajar tana iya nuna munanan shekaru ɗaya bayan ɗaya, masu bincike kuma suna ganinsu a allo. Amma kafin magana ta iso rediyo ko wayar manomi, an tace ta ta koma jimla ɗaya: ku shuka daga rana kaza zuwa rana kaza. Dillali a Kasuwar Kurmi ya san hukuncin wanda ya ɓoye aibin haja, ko da hajar mai kyau ce. Mai ba da shawara, wanda albashinsa ba ya raguwa in ruwa ya ɗauke, nauyinsa ya fi na dillali.

Za a ce faɗin haɗarin zai tsorata mutane su ƙi abin da zai amfane su. Wasu za su ƙi, gaskiya ne. Sai dai mutumin da ke raba irinsa kashi biyu, ya binne rabi kafin ruwan farko ya ajiye rabi, ya san ma'anar "shekara uku cikin talatin" tun kafin a kawo lantarki garinsu. A faɗa masa ukun, a faɗa masa buhu nawa zai samu a mafi muninsu, sannan a tambaye shi tumaki nawa ke jiran harawarsa.