Shaharar Ƙuruciya: Wa Zai Ce Masa A'a?

A watan Nuwamba na shekarar 2024, gidan talabijin na BBC ya nuna wani shiri mai kashi uku mai suna Boybands Forever. An zaunar da waɗansu magidanta, mafi yawansu sun haura shekara arba'in, aka ce su ba da labarin ƙuruciyarsu. Su ne samarin nan mawaƙa na Birtaniya da Ailan waɗanda suka cika duniya da suna a shekarun 1990, har kaset-kaset ɗinsu suka kai shagunan Legas da Jos da Kaduna. Iyaye da yawa masu karanta wannan mujalla sun ji muryoyinsu tun suna makarantar sakandare. A wancan lokaci, duk wanda ya ga hotunansu cewa yake yi sun gama dacewa da duniya. Amma da suka buɗe baki bayan shekara kusan talatin, labarin gajiya da kaɗaici da shaye-shaye ya fi labarin murna yawa.

Wannan ya ta da tsohuwar tambaya wadda ta shafi kowane gida mai yaro mai baiwa: idan duniya ta ɗaga mutum tun bai gama sanin kansa ba, me zai riƙe ƙafafunsa a ƙasa?

Yadda aka ƙera su

Yawancin waɗannan ƙungiyoyi, 'yan kasuwa ne suka harhaɗa su. A shekarar 1990 wani manajan mawaƙa a birnin Manchesta, Nigel Martin-Smith, ya tattara samari biyar ya sa musu suna Take That. Ƙaraminsu, Robbie Williams, shekararsa 16. A 1993 kuma, a birnin Orlando na Amurka, wani attajiri mai suna Lou Pearlman ya kafa Backstreet Boys, ƙaraminsu Nick Carter yana da shekara 13. Pearlman ne kuma ya ɗauki nauyin wata ƙungiyar mai suna NSYNC. Ana zaɓar musu tufafi da aski, a koya musu rawa da amsar da za su ba 'yan jarida, a tsara musu inda za su kwana da lokacin da za su tashi.

Kasuwar ta yi albarka ƙwarai. Faifan Backstreet Boys na 1999 ya sayar da kofi fiye da miliyan ɗaya a Amurka cikin makon farko, na NSYNC na shekarar 2000 kuwa ya kai miliyan 2.4 cikin mako guda. Lokacin da Take That suka sanar da rabuwarsu ranar 13 ga Fabrairu, 1996, sai da aka buɗe layin waya na musamman a Birtaniya domin lallashin 'yan matan da hankalinsu ya tashi.

Yaro ɗan shekara 16 wanda dubban mutane ke kuka don sun hango shi, yana cikin wani hali da babu makarantar da ta shirya shi dominsa. Direbansa da mai gadinsa da mai shirya masa tafiya duk a jikinsa suke ci. Wanda abincinsa ya rataya a kan fara'ar yaro, da wuya ya ɓata masa rai da gaskiya. Ta haka kalmar a'a take ɓacewa daga kunnensa a daidai shekarun da ya fi bukatarta, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Laifin wane ne?

Akwai masu cewa samarin nan su suka zaɓi wannan hanya, sun sha daɗinta, don haka kada su dami jama'a da kuka. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin kowa zai ba da lissafin kansa a gaban Allah, kuma babu manajan da ya ɗura wa wani giya da ƙarfi. Sai dai labarin kuɗin ya nuna wanda ya fi shan romon. A ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyoyin biyu na Pearlman suka shiga shari'a da shi a kan rabon dukiya. Ya rubuta kansa a yarjejeniya a matsayin mutum na shida a cikin ƙungiya mai mutum biyar, yana karɓar kason mawaƙi bayan kasonsa na manaja. Lance Bass na NSYNC ya ba da labarin cewa bayan shekaru suna aiki ba hutu, cakin farko da aka miƙa wa kowannensu na dala 10,000 ne. A 2008 kotu ta yanke wa Pearlman ɗaurin shekara 25 saboda wata damfara ta fiye da dala miliyan 300 da ya yi wa masu zuba jari, ya kuma rasu a tsare a 2016. Wannan shi ne mutumin da yaran suka ɗauka kamar uba.

Ubangiji Yesu, cikin Matiyu sura 18, ya yi kashedi mai tsanani ga duk wanda ya zama sanadin tuntuɓen ƙanana. Saboda haka nauyin bai tsaya a kan yaron kaɗai ba. Babban da ya mai da baiwar yaro haja yana da nasa kason, haka ma taron da ke tafi yau ya juya baya gobe.

Gary Barlow ya ɗanɗana wannan juyin. Shi ne marubucin yawancin waƙoƙin Take That, kowa kuma ya ɗauka shi zai gaji sunan ƙungiyar. Faifansa na farko a 1997 ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, na biyu a 1999 bai yi kasuwa ba, kamfanin ya sallame shi, jaridu suka mai da shi abin dariya. Daga baya ya faɗa da bakinsa yadda ya kulle kansa a gida don kunya, har cin abinci ya zame masa ciwo. A daidai lokacin, tauraron Robbie Williams, wanda ya bar ƙungiyar a 1995, yana ta haskawa. A 2003 mutum 375,000 suka taru cikin dare uku a Knebworth domin su ji shi. Duk da haka a 2007 ya shiga asibitin masu fama da ƙwayoyi. Wanda taro ya gudu ya bari ya sha wahala, wanda taro ya rufe shi ma ya sha. Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Abin da labarin mutanen nan biyu ya ƙara a kai shi ne, tsayawa a sahun gaba ma ba ta ba da kwanciyar rai.

Sarki ɗan shekara goma sha shida

Littafi Mai Tsarki ya san wannan ciwo tun da daɗewa. A cikin 2 Tarihi sura 26 akwai labarin Uzziya, wanda aka naɗa sarkin Yahuza yana da shekara 16, ya yi mulki shekara 52. Ya gina hasumiyoyi, ya haƙa rijiyoyi, ya ƙaunaci noma, ya yi nasara a yaƙi, sunansa ya kai har iyakar Masar. A farkon mulkinsa yana da wani malami, Zakariya, mai koya masa tsoron Allah, kuma muddin yana neman Ubangiji al'amuransa suna tafiya daidai. Da ƙarfinsa ya kahu, sai girman kai ya shige shi. Ya kutsa Haikali zai ƙona turare, aikin da aka keɓe wa firistoci. Azariya firist da waɗansu firistoci 80 suka tare shi suka ce ya fita. Sarki ya husata, nan take kuturta ta fito masa a goshi, ya ƙare kwanakinsa a keɓe, ɗansa Yotam yana riƙe da mulki.

Abu biyu ne a wannan labari. Uzziya ya tsaya daidai sa'ad da yake da mai yi masa gyara. Ranar da ya faɗi kuma, ba a rasa masu ce masa a'a ba, har mutum 81 suka faɗa masa, kunnensa ne ya riga ya toshe. Ashe tsayawa da ƙafa a ƙasa tana bukatar bakin da zai faɗi gaskiya da kuma kunnen da ya saba jinta tun kafin suna ya zo.

An ga irin wannan a cikin Backstreet Boys a watan Yuli na 2001. AJ McLean ya nutse cikin giya da baƙin ciki suna tsakiyar zagayen waƙa a Amurka. Babban cikinsu, Kevin Richardson, ya same shi a masauki ya faɗa masa magana mai zafi wadda ma'aikatansu ba su iya faɗa ba. McLean ya shiga asibiti, aka ɗage wasanni, aka yi asarar kuɗi. Bai warke a rana ɗaya ba, shi da kansa ya sha faɗin yadda ya yi ta faɗuwa yana tashi shekaru da yawa. Amma ƙofar ta buɗe ne ranar da wani ya yarda ya ɓata masa rai, shi kuma ya yarda ya ji. Naka sai naka, daɗin zama sai bare.

Bangaskiya ba laya ba ce

Mai karatu Kirista zai so a ce wanda ya tashi a ikkilisiya ya tsira daga dukan wannan. Labarin Brian Littrell bai goyi bayan wannan zato duka ba. An haife shi a 1975 a Lexington ta jihar Kentaki, ya tashi yana waƙa a ikkilisiyar Baptis, ya shiga Backstreet Boys yana da shekara 18. An haife shi da ciwon zuciya, likitoci suka ce sai an yi masa aiki, amma aka yi ta ɗagawa saboda tafiye-tafiyen waƙa, sai a watan Mayu na 1998 aka yi. Bayan kimanin wata biyu ya koma dandali. Yarjejeniyar da ta cuci abokansa ta cuce shi shi ma, daga baya kuma ya yi fama da ciwon da ya taɓa muryarsa, wadda ita ce jarinsa.

Bangaskiyarsa ba ta hana cuta ko ciwo zuwa ba. Abin da ta ba shi shi ne wurin tsayawa wanda ya girmi sunansa. Ya yi aure a shekarar 2000, ya fitar da faifan waƙoƙin Kirista mai suna Welcome Home a 2006, bai kuma ɓoye wanda yake bi ba. Allah ne kaɗai ya san zuciyar kowa, ba a kuma kawo sunansa a nan don a mai da shi waliyyi ba. Darasin shi ne, wanda ya san darajarsa ta fito daga wurin Mahaliccinsa tun kafin a tafa masa, ranar da tafi ya tsaya yana da sauran abin riƙewa.

Almasihu da kansa ya nuna hanyar. Cikin Yahaya sura 6, bayan ya ciyar da mutum dubu biyar, taron ya so ya naɗa shi sarki ƙarfi da yaji, sai ya janye zuwa kan dutse shi kaɗai. Kafin surar ta ƙare, da yawa daga cikin masu binsa sun watse saboda koyarwarsa ta yi musu nauyi. Bulus da Barnaba ma a Listira, cikin Ayyukan Manzanni sura 14, jama'a sun ɗauke su alloli har aka kawo bijimai za a yi musu hadaya, suka yage tufafinsu suka hana. Ba a daɗe ba aka zuga taron, aka jejjefi Bulus har aka zaci ya mutu. Da sun karɓi sujadar safe, da jifan yamma ya karya su.

Abin da ya rage wa gida da ikkilisiya

Waɗansu iyaye za su ce mafita ita ce a hana yaro waƙa gaba ɗaya. Wannan kuskure ne, gama baiwa daga Allah take, kuma Dawuda da garayarsa ya fara shiga fada. Binne baiwa don tsoro ma laifi ne. Ga shi kuwa yanzu ba sai wani attajiri ya zo daga Orlando ba. Wayar hannu kaɗai ta isa ta sa dubban mutane su san yarinyar da ke jan waƙa a ƙungiyar mawaƙan ikkilisiya kafin Lahadi ta zagayo. Jarabar da ta sami samarin 1990 a manyan filaye tana iya samun yaro a ɗakin uwarsa.

Saboda haka gida ya zama wurin da ake kiran yaro da sunan da aka raɗa masa, ya yi shara, ya ɗebo ruwa, ya gai da manya, ko da jiya dubu sun tafa masa. Iyaye su yi hattara kada abincin gidan ya koma kan baiwar ɗansu, domin daga ranar da uba ya fara ci a hannun yaro bakinsa ya yi nauyi. Kada a sa hannu a wata takarda sai wanda ya san doka, wanda kuma ba shi da kaso a ciki, ya karanta ta. Fastoci da dattawa su tambayi kansu ko suna jan matashi mai murya zuwa gaba don ya girma cikin Almasihu ne, ko don ya cika musu kujeru. Ikkilisiyar da ke gayyatar yaro kowane taro, ba ta taɓa tambayar karatunsa ko addu'arsa ko barcinsa ba, ta kama hanyar Pearlman ko da ba ta karɓi ko kwabo ba.

Matashin da Allah ya ɗaga kuma, ya nemi Zakariyansa tun da wuri: mutum ɗaya ko biyu waɗanda suka san shi tun ba shi da suna, ba sa cin komai a jikinsa, ya ba su izinin faɗa masa abin da ba ya so ya ji. Ranar da maganarsu ta fara ba shi haushi, ya tuna da Uzziya a Haikali.

Take That sun sake haɗuwa a 2005, Robbie Williams ya komo cikinsu na ɗan lokaci a 2010, shi da Gary Barlow suka shirya bayan shekaru na gaba da baƙar magana. Sun kai ga neman gafarar juna ne bayan ƙarar taro ta lafa, kowa ya ga ɗan'uwansa a matsayin mutum. Ba dole ne 'ya'yan masu bi su jira shekara goma sha biyar da asibiti kafin su koyi wannan ba, in gida da ikkilisiya sun yi aikinsu. Ubangiji ya ba iyaye ƙarfin halin faɗar gaskiya cikin ƙauna, ya kuma ba 'ya'ya kunnen ji. Amin.