Amanar Mamaci

Mai rai idan ya ba ka amana, tsoron ranar da zai dawo ya tambaya ma ya isa ya sa ka riƙe. Amanar da ke auna mutum ita ce ta wanda ya kwanta dama, wanda ba shi da bakin godiya balle na ƙorafi. Shi ya sa labarin Hildegard ta Bingen ya ƙi fita daga raina.

A shekarar 1178 tana da shekara 80, tana shugabantar gidan mata masu zaman zuhudu a Rupertsberg, bakin kogin Rhine a ƙasar Jamus. Sunanta ya riga ya kai kunnen Paparoma da sarakuna saboda wahayin da ta rubuta a littafinta Scivias. A shekarar nan aka binne wani ɗan manyan gida a maƙabartarsu. An taɓa korarsa daga ikilisiya, amma ya tuba kafin ajali, firist kuma ya karɓi tubarsa. Sai manyan coci na birnin Mainz suka aiko da umarni a tono gawar, a fitar da ita daga ƙasa mai tsarki.

Tsohuwar ta ƙi. An ruwaito cewa da sandarta ta shafe alamar kabarin don kada a gane shi.

Hukuncin da ya biyo baya ya taɓa ta inda ya fi zafi. Aka hana gidan gaba ɗaya karɓar Jibin Ubangiji, aka kuma hana su rera waƙoƙin ibada. Mai karatu ya tuna, wannan mata ce da ta tsara waƙoƙin yabo sama da 70, wadda ta ɗauki waƙa a matsayin sauran abin da ya rage wa ɗan Adam na muryar Aljanna. Ta bi hukuncin. Suka koma karanta addu'o'insu ƙasa-ƙasa, ƙofa a rufe. Abu ɗaya tak ta ƙi, wato taɓa gawar.

Wani zai ce ta jefa 'yan uwanta mata cikin ƙunci saboda mutum ɗaya da ba zai ma sani ba. Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Sai dai mutumin a hannunsu aka ajiye shi, kuma ta tabbata ya tuba. Da ta miƙa shi don a bar ta ta rera waƙa, da wane baki za ta rera?

Ta yi ta rubuta wasiƙu, har ga Babban Bishop na Mainz da ke Italiya a lokacin. Aka samu masu shaida cewa mutumin ya tuba, aka ɗage hukuncin a watan Maris na 1179. Ranar 17 ga Satumba na shekarar ta rasu, mamacin kuwa yana kwance inda ta binne shi.