SHIN TAMBAYAR MALAMI HUJJA RASHIN LADABI NE?

Wannan mako zan fara da wani kuskure nawa na kaina, domin da shi aka buɗe mini ido.

Wata rana ina karantar da nahawu a wata makaranta a nan Dutse, sai na kawo misali da maganar nan da ta shahara, ta neman ilmi ko da a birnin Sin ne, na ce hadisi ne. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Allah gafarta Malam, a wane littafi yake?" Raina ya ɓaci, na ce masa ya zauna. Da na koma gida na shiga bincike, sai na tarar manyan malaman hadisi ba su inganta maganar ba, har Ibnul Jauzi ya sa ta cikin littafinsa na ƙagaggun hadisai. Ashe shekara da shekaru ina jingina wa Manzon Allah (S.A.W.) abin da ban taɓa dubawa ba. Kashegari na tsaya gaban aji na ba yaron gaskiyarsa.

To, a nan tambaya take. Mun tashi an koya mana cewa almajiri ba ya ja da malaminsa, kuma lalle ladabi ginshiƙin karatu ne. Amma shin ladabin ya haɗa da karɓar kowace magana ido rufe?

Magabata ba su ɗauka haka ba. A aya ta 6 ta Suratul Hujurati, Allah Maɗaukakin Sarki Ya umurci muminai su tantance labari kafin su yi aiki da shi, kada su cuci mutane cikin jahilci su zo suna nadama. An ruwaito cewa Sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda zuwa Sham don ya ji hadisi ɗaya tak daga bakin wanda ya ji shi. A kan wannan ne aka gina ilmin isnadi, watau bin maruwaita ɗaya bayan ɗaya a ga wane ne mai gaskiya, wane ne mai mantuwa, wa ya sadu da wa. Imamu Buhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, da irin wannan tankaɗe da rairaya ya tace Sahihinsa. A ƙasarmu ma, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusuhi, inda ya jera malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta. Wanda ya bayyana inda ya ɗebo ruwa, ai ba ya tsoron a je a duba rijiyar.

Yau bukatar ta fi ta da. Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, an kafa Jami'ar Tarayya a nan a 2011, ga ɗalibai ko'ina, kowanne da waya a hannu. Labari yakan iso ta WhatsApp ko Facebook babu uwa babu uba, a ƙarshensa an rubuta a tura wa mutum goma. Mu tuna da 2014, lokacin cutar Ebola, da saƙo ya bazu cikin dare cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi. Mutane suka bi, aka kwantar da wasu a asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Da wanda ya fara turawa ya tsaya ya tambayi likita, da ba a kai ga haka ba.

Saboda haka aikin malami bai tsaya ga ba da amsa ba, sai ya koya wa ɗalibi hanyar nemo ta. Ni dai yanzu idan aka tambaye ni ma'anar kalma, nakan miƙa ƙamus in ce a ciro tushenta a nemo. Idan aka kawo mini magana, tambaya uku nake sa su yi: wa ya faɗa, a ina aka rubuta, kuma shin mai faɗar ya san fannin? Sa'an nan su buɗe littafin da kansu, su gwada shi da wani. In ba su samu ba, su ce ba su sani ba. Imamu Malik da kansa an san shi da yawan faɗar haka, bai kuwa rage masa daraja ba.

Ladabi yana cikin yadda aka yi tambaya: a tausasa murya, a zaɓi lokaci, a nufi fahimta. Malamin da ya hana tambayar kuwa, girman kansa yake karewa, ilmin kuma ya bar shi ba mai gadi. Yaron nan da ya tambaye ni ya tsamo ni daga haɗarin yi wa Annabi ƙarya, kuma har gobe ina yi masa addu'a.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta.