Laifin Wa Ne Dariya?

A cikin 1929 wani mai ban dariya, Werner Finck, shi da abokansa suka kafa gidan wasa a Berlin ta ƙasar Jamus, ana ce da shi Katakombe. Da Hitila ya hau mulki a 1933, sai Finck ya riƙa soma magana a kan mahukunta ya bar ta a tsakiya, 'yan kallo su ƙarasa a zuci, su fashe da dariya. A 1935 aka rufe gidan, aka tsare shi a sansanin Esterwegen.

To, laifin wa ke nan? Shi dai bai ƙarasa zance ba, abin da ke zukatan jama'a ya tono. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Shugaban da ya hana dariya kuwa, ya hana kansa jin halin da talakawansa su ke ciki.